Batirin itanol, mako na bakwai: warin khal a kan teburi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau mako bakwai ke nan da na haɗa ɗan batirin nan mai shan itanol (sinadarin da ke cikin barasa), kuma jiya ƙaramar fankar robar da na jona masa ta yi ta juyawa tun bayan La'asar har aka kira Isha'i. Ba ta taɓa daɗewa haka ba. Da ta tsaya na zuƙo ruwan da ya rage a ciki da sirinji, na kai hanci, sai na ji warin khal sosai, irin wanda ake sa wa kwaɗon latas. Wannan warin ne ya sa na ɗauko biro, domin a ganina duk matsalar wannan fasaha tana cikinsa.

Ga waɗanda suka same mu a hanya, abin da ke gabana bai wuce kwalin ashana biyu ba. A tsakiyarsa akwai tantanin Nafion, wata leda ta musamman da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960, wadda ke barin furoton ya ratsa ta amma ta tare ilektaron (su biyun ƙananan ƙwayoyi ne masu cajin lantarki, kuma gudun ilektaron a waya shi ne wutar lantarki). Gefe da gefe an manna mata ƙyallen kabon mai ɗauke da garin ƙarfen filatinom. Ta ɓangare ɗaya ana zuba itanol da aka sirka da ruwa, ɗaya ɓangaren kuma a bar shi a buɗe ya sha iska. Filatinom yana fizgo furoton da ilektaron daga itanol, furoton su ratsa tantanin, ilektaron da aka hana hanya kuma sai su zagaya ta waya, su bi ta cikin fanka, su je su haɗu da furoton da iskar oksijin a ɗaya gefen, a samu ruwa. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, babu ƙara. Asalin dabarar tsohuwa ce, tun 1839 William Grove ya gwada ta a Birtaniya da haidurojin da oksijin.

Makonni biyu na farko sun tafi a kan kuskure guda. Na ɗauka idan itanol ya yi ƙarfi wuta za ta ƙaru, sai na zuba rabi da rabi. Fanka ta ɗan motsa ta tsaya, mita kuma ta nuna ƙasa da abin da na samu da ruwa mai rauni. Dalili shi ne Nafion ba ya iya tare itanol gaba ɗaya. Idan ya yi yawa sai ya tsallaka zuwa gefen iska, ya ƙone a kan filatinom ɗin can ba tare da ya ba waya komai ba, har ya rage ƙarfin wannan gefen. Ga asarar mai, ga faɗuwar wuta. Da na koma mililita 10 na itanol cikin mililita 90 na ruwa, abin ya daidaita. Mita tana nuna kimanin bolt 0.6 idan ba a jona komai ba, ta sauko wajen 0.3 zuwa 0.4 idan fanka na aiki.

A kan ruwan sirki, don Allah a kula. Tataccen ruwa nake nufi, wanda ake ƙara wa batirin inbata. Idan ka ce wa mai shago "ruwan batir" kawai, yana iya miƙo maka asid, don duka biyun haka muke kiran su. Ruwan rijiya da na famfo kuma suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke toshe tantanin. Haka nan sifirit na kemis, sau da yawa an gauraya shi da metanol, wanda guba ne, kuma yana rikita awo. Ni na samo itanol na ɗakin gwaji daga masu sayar da kayan kimiyya na makarantu.

A mako na huɗu hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Na bar batirin kwana uku a kan taga, na dawo na tarar kamar ya mutu. Nafion sai da danshi yake wuce da furoton, buji ya busar da shi ƙayau. Na cika shi da tataccen ruwa ya kwana, washegari ya farfaɗo. Yanzu idan na gama nakan ɗauraye shi, in sa shi a leda in ɗaure bakin. Na kuma lura da rana tsaka fanka ta fi gudu a kan sanyin asuba, sai na riƙa ɗumama ruwan kaɗan a cikin kofin ruwan zafi kafin in zuba. Ba a kusa da wuta ba, itanol yana kamawa nan take.

To, mu koma kan khal. A takarda, ƙwayar itanol ɗaya idan ta ƙone ƙurmus ta zama iskar kabon dayoksaid tana sakin ilektaron 12, kuma batirin zai iya kaiwa wajen bolt 1.14. Kilo ɗaya na itanol yana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 8, metanol kuma wajen 6. Wannan lissafin ne ke jawo mutane. Sai dai itanol yana da ƙwayoyin kabon biyu a ɗaure da juna, kuma filatinom a zafin ɗaki da ƙyar yake iya tsinka wannan ɗaurin. Saboda haka aikin yakan tsaya a hanya. Wani kaso ya zama wani sinadari da ake kira asitaldihaid, ya ba da ilektaron 2 kacal. Wani ya zama asid ɗin khal, ya ba da 4, daga nan kuma ba ya ƙara gaba. Ke nan ko a rana mai kyau, kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin man nake ci, sauran ina zubarwa a kwata. Takardar gwajin tsami ta tabbatar mini: kafin zubawa ba ta nuna wani tsami ba, bayan awa uku ta koma launin asid.

Asitaldihaid yana tafasa a wajen digiri 20, wato a yanayinmu tashi yake yi ya bi iska. Ba abin shaƙa ba ne, shi ya sa na mayar da teburin aikina bakin taga.

Akwai kuma dalilin da ya sa fanka ke yin sanyi a hankali ko da mai bai ƙare ba. Ɓurɓushin da ke fitowa a tsakiyar aikin, musamman kabon monoksaid, yana manne wa filatinom ya rufe wuraren da sabon itanol zai sauka. Masu bincike sun gano cewa gauraya filatinom da kuza, ita dai kuzar da aka san Jos da haƙowa, yana taimakawa wajen wanke wannan ɓurɓushi, wuta ta ƙaru. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kuza ba ta warware ɗaurin kabon ɗin, khal ɗin ma take ƙara yawansa. Wutar ta fi yawa, amma man har yanzu ba a cinye shi duka.

Wani wuri kuwa wannan rauni bai dami kowa ba. Na'urar da 'yan sanda a ƙasashe da yawa ke sa direba ya hura don a gane ko ya sha barasa, irin wannan batirin ne a cikin da yawansu. Itanol na numfashi ya zama khal a kan filatinom, a auna 'yar wutar da ta fito. Masu neman wuta mai yawa kuma sun bi wata hanya. A 2016 kamfanin Nissan ya nuna motar gwaji a Brazil, ƙasar da ta rungumi man itanol na rake tun 1975. Motar tana fara fasa itanol da zafi ta fitar da haidurojin, sannan ta ciyar da batirin yumɓu mai aiki a zafin ɗaruruwan digiri. Da zafi irin wannan ɗaurin kabon ba ya gardama, amma ba aikin teburin tsakar gida ba ne.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko zai yi cajin waya da shi. Gaskiya a'a. Waya tana son bolt 5 da wat da dama, nawa kuwa miliwat kaɗan yake bayarwa. Duk da haka ban karaya ba. Muna da rake, muna da rogo da dawa, kuma iskar kabon da itanol ɗinsu zai saki ita ce shukar ta zuƙa tana tsiro. Ina tuna hayaƙin janareta da ke kashe iyalai cikin barci, shi ke mayar da ni kan teburin nan kullum.

Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan gwada ɓangaren alkali, wato kishiyar asid, irin sodar sabulu. An tabbatar ƙarfen faladiyom yana ƙona itanol da sauri cikin ruwan alkali, kuma gefen iska ba lallai sai da filatinom ba. Matsalarsa iskar kabon tana haɗuwa da alkalin ta raunana shi, don haka zan riƙa auna wuta duk minti 15 in ga saurin faɗuwarta. Na tanadi safar hannu da tabarau, domin sodar sabulu tana cin fata. Duk wanda yake da tantanin da ke wuce da alkali ko ya san inda ake samunsa a Kano ko Kaduna, ya taimaka ya sanar da ni kafin Asabar.