Godiya bayan sunan ɗiyar ƙanwarmu

Alhamdu lillahi. An yi suna, an watse, mai jego da jaririya suna gida Mabera lafiya lau. Wanda ya bi mu tun makon da aka kwantar da ita ya san abin da aka sha, ba sai mun maimaita ba. Waɗanda suka yi ta kira ba a ɗauka ba, ku yi mana uzuri, gajiya ce.

Inna ta ce kar a ware kowa, amma wasu ba su ɓoyuwa. Ta farko nas ɗin da ta yi aikin dare ranar haihuwa. Wajen ƙarfe uku ta lura yarinya tana ɗan karkarwa, ta ƙi kama nono. Ta soki dunduniyarta ta auna, sai ga sukari ya faɗi ƙasa da 2.6. Haka yake faruwa ga ɗan da uwarsa ta yi ciwon sukari na ciki: jikinsa ya saba fitar da insulin (sinadarin da ke rage sukarin jini) mai yawa saboda sukarin da ke zuwa masa ta cibiya, da an yanke cibiya sukari ya tsaya, insulin bai tsaya ba. Ta taso likita, aka ɗaura ruwan gulukos, ta zauna bakin gado tana sake aunawa har aka kira asuba. Mu da muka san ma'anar lambar nan gwiwarmu ta yi sanyi. Inna kuwa carbi kawai take ja. Baiwar Allah, Allah Ya tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani.

Sai likitar mata da ta fara ɗaukar tef ɗin tela ta auna ƙugun ƙanwarmu, bayan shekara shida ana ba ta maganin sanyi. Ƙugun mace in ya haura santimita 80, abin dubawa ne. Al'ada tana yin wata uku ba ta zo ba, ga gashi a haɓa, ga baƙin wuya da ake ta dirza da soso ana cewa datti ne. Wannan PCOS ce, cutar rikicewar sinadaran jiki da ke taɓa gidan ƙwai, kusan mace ɗaya cikin goma na da ita. Tun ƙa'idar Rotterdam ta 2003, alama biyu cikin uku sun isa, in an kore wasu cututtuka: rashin fitar ƙwai a kan kari, yawan sinadarin maza, da ganin tarin ƙananan ƙwayayen da ba su ƙosa ba a hoton ciki.

Masu tambayarmu me ya haɗa tumbi da haihuwa, ga shi. Kitsen ciki yana fitar da sinadarai cikin jini. Akwai leptin, wanda aka gano a 1994, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. In kitse ya yi yawa shi ma sai ya yi yawa, har ƙwaƙwalwa ta daina jin kiransa, yunwa ta ƙi lafawa. Akwai adiponektin, mai taimaka wa insulin shigar da sukari cikin tsoka, shi kuma raguwa yake yi in tumbi ya ƙaru. Daga nan jiki ya riƙa tura insulin ninki, insulin ya zuga gidan ƙwai ya ƙara sinadarin maza, ya kuma hana hanta yin furotin da ke ɗaure wannan sinadari. Ƙwai sai ya fara girma ya tsaya. Baƙin wuyan nan ma aikin insulin ne, man bilicin ba ya cire shi. Kuma siririya ma tana iya samun cutar.

Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi kan iya dawo da al'ada. Mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan. Metformin, maganin da ke taimaka wa insulin aiki, ana fara shi da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali, don in an yi gaggawa gudawa ke sa mata su jefar da shi. Duka da izinin likita. Sha-ka-fashe kuwa, don Allah, 'yan mata.

Surukar ƙanwarmu, Hajiya, mun rasa bakin gode miki. Ke kika cire sukari daga fura da kunun gidan gaba ɗaya don kar ta ci ita kaɗai, kika rage tuwon shinkafa kika ƙara zogale da wake, kika riƙa fita da ita tattaki bayan sallar asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Allah Ya sa ki ga auren jikar nan, Ya haskaka kabarin iyayenki, Ya ba ki Aljanna Firdausi.

Waɗanda suka riƙa cewa juya ce, suka kawo shawarar ƙarin aure tun shekara ta biyu, mun duba asibiti ba mu gan su ba. Wataƙila hanya ce ta yi nisa daga Arkilla. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Masu zuwa barka, a bar lemon kwalba, a zo da ƙwai ko gyaɗa. Tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa mai jego za ta koma gwajin shan gulukos giram 75, a ɗebi jini kafin ta karya, a sake bayan awa biyu. A sa ta a addu'a.