Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mu Masu Mako a Dubai

A makon jiya na tsaya a kan rabon gadon Inna. Zan tsallake shekarun da suka biyo baya, ba abin faɗa a cikinsu sai aurar da yara, in koma baya zuwa 2014, tun Inna tana raye, lokacin ina tsakiyar sarin abaya da turare daga Dubai. Duk zuwa sai na kama ɗaki a Deira, kuɗin otal yana cinye ribar. Sai 'yan wani kamfani suka kawo mana tsarinsu: ki sayi mako guda a shekara a ɗaki mai kicin, naki ne har ƙarshen yarjejeniya, shekarar da ba ki zo ba ki ba da haya. Lissafin ya fita a lokacin, har gobe kuma ina cewa ya fita. Dala ba ta kai naira 200 ba. Kuɗin kula da gini da suka yanka mini dirhami 2,500 ne a shekara, naira dubu ɗari da 'yan kai.

Da na dawo na kai wa Inna takardar. Ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ina makullin?" Na ce yana wurinsu sai na je. Ta ce, "Ɗakin da makullinsa ke aljihun wani, na wani ne." Allah Ya jiƙan Inna, ko Kano ba ta taɓa wucewa ba.

Dirhami a ɗaure yake da dala, dirhami 3.67 a dala ɗaya ba ya motsi, don haka duk faɗuwar naira a kanmu take sauka. An yi ta 2016, muka daure. Korona ta zo a 2020 aka rufe hanya, takardar biya ba ta fasa zuwa ba. A watan Oktoban 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza. Aka saki naira a Yunin 2023, zuwa 2024 dala ta haura 1,500. Kuɗin da nake biya da ribar katan biyu na turare ya wuce miliyan, a kan ɗakin da ba ni da ikon taka ƙofarsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne kowa ya yi gum. A wurin wani kamu a Unguwar Sarki wata Hajiya da muke sari tare ta ja ni bayan kanofi, ta ce wani ya kira ta da lambar waje, wai ya samo mai sayen makonta, amma sai ta tura kuɗin takardu tukuna. Ta tura. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Ko mijinta bai sani ba. A daren na buɗe zauren WhatsApp da mu biyu. Kafin azumi mun cika falona na Unguwar Rimi, har da masu mako a Makka, waɗanda nasu kukan daban ne, don makonsu ba ya faɗowa cikin Ramadan.

Zaman farko bayan la'asar ne ranar Asabar. Kowa ta zo da takardarta a leda, wata a cikin jakar sallaya. 'Yar Yayana lauya ta zauna a ƙasa, ta baza su a kan kafet, tana bin ƙananan rubutun da yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Gwaggo, a naki an rubuta cewa in kin rasu nauyin biyan yana hawa kan magada." Falon ya yi tsit, sai wata ta fara salati. Ita ce kuma ta sanar da mu cewa Dubai ta yi doka mai lamba 14 ta 2020 kan wannan harka, kuma sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido kamfani zai yi ta. Muka rubuta wasiƙa ɗaya da sa hannun kowa. Muka tara lambobin 'yan damfara. Muka fara ba masu takardar zama a can hayar makonninmu, ko rabin kuɗin ne ya dawo.

Duk wannan babu namiji ko ɗaya a ciki, ina so a rubuta a ajiye. Sai da maganar yi wa ƙungiyarmu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta taso, ga tsarin mulki, ga amintattu, ga sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan wani Alhajin Malali ya bayyana da babbar riga. Shi ma yana da makonni, ya ɓoye shekara da shekaru. Ya ce, "Hajiya, irin wannan abu sai an sa mai suna a gaba." Baban yara ya ce in bar masa, a zauna lafiya. Na bari, aka ba ni ma'aji. Kuɗin sanarwar jarida daga jakata ya fita. Satifiket na fitowa ya wuce da shi ofishinsa ya rataye. Inna ba ta ga wannan ba, amma da tana nan na san tambayar da za ta yi: ina makullin?

An buɗe biza a Yulin 2024, wasu suka ɗauka shi ke nan, suka daina zuwa taro. Ni ban daina ba, saboda akwai wata baiwar Allah a Tudun Wada da mijinta ya rasu ya bar mata mako biyu da bashin shekara uku, ga marayu. Mun kai wa malam ya duba ko wannan yana shiga gado ko bashi ne da za a fara fitarwa, lauya kuma tana neman kamfanin ya karɓi makonnin ya yafe. Alhaji ko gaisuwar mutuwa bai je ba, amma yana faɗa a masallaci wai shi ya kafa ƙungiya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi abin da ya faru ranar zaɓe, da wadda ta miƙe a gaban kowa ta tambaye shi lissafin kuɗin taro.