Tafiya zuwa Cambridge Bay: Kuɗin Gwamnati, Ƙanƙara da Ilimin Mutanen Inuit

Babu hanyar mota da ta shiga yankin Nunavut daga kudancin Kanada, kuma a cikin yankin kansa babu titin da ya haɗa wani gari da wani, saboda haka duk mai son zuwa Cambridge Bay sai ya bi ta sama. A farkon watan Yuni na tashi daga Edmonton tare da wata ƙaramar tawagar masu binciken muhalli. Mun yada zango a Yellowknife, sannan muka miƙa arewa, kuma ba mu yi nisa ba itatuwa suka fara raguwa a ƙarƙashinmu har suka ƙare ƙaƙaf, aka bar fili fetal mai dubban tafkuna da suka daskare. Bayan mun haye mashigin teku, jirgin ya sauka a kan tsakuwa, domin filin jirgin garin ba a shimfiɗa masa kwalta ba.

Garin yana gaɓar kudu ta tsibirin Victoria, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, kuma mafi yawansu Inuit ne, wato 'yan asalin yankin, waɗanda harshensu na gado shi ne Inuinnaqtun. Gidajen a kan turakun ƙarfe ko katako suke, an ɗaga su sama da ƙasa don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi har gini ya karkace. Wutar lantarki daga injinan dizal take fitowa, man kuwa jirgin ruwa ne ke kawo shi a ɗan lokacin da teku ke buɗewa a ƙarshen bazara. Farashin kayan abinci a kanti ya isa ya fahimtar da baƙo dalilin da ya sa naman farauta da kifi suke da matsayin da suke da shi a gidajen garin. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sam, don haka na riƙa yin salla bisa lokutan Edmonton, kamar yadda Musulmi da yawa mazauna arewa mai nisa ke yi.

Abin da ya kai ni shi ne in ga da idona abin da kuɗin da gwamnatin tarayya ke warewa binciken yanayi a arewa yake yi idan ya isa ƙasa. Mafi girman shaidar kuɗin nan ita ce Cibiyar Binciken Arktik ta Kanada, wadda ake taƙaita sunanta da CHARS, kuma tana gefen gari inda ana iya takawa a ƙafa. A 2010 aka zaɓi Cambridge Bay a matsayin mazauninta, aka fara gini a 2014, aka buɗe ta a hukumance a watan Agustan 2019, bayan an kashe fiye da dalar Kanada miliyan 200. Hukumar da ke tafiyar da ita, Polar Knowledge Canada, an kafa ta a 2015, kuma hedkwatarta a nan garin take, abin da ba a saba gani ba ga hukumar tarayya, tunda galibinsu a Otawa suke. An lulluɓe ginin da ƙarfe mai launin tagulla don tunawa da kakannin mutanen yankin, waɗanda suka shahara da ƙera makamai da kayan aiki daga tagullar da suke tsinta. A ciki akwai ɗakunan gwaje-gwaje, da wani babban ɗaki na feɗe manyan dabbobi don gano abin da ya kashe su, da zauren taro da aka zagaye shi kamar babban ɗakin ƙanƙara da Inuit ke ginawa don taruwar jama'a. Na ga yaran makaranta da dattawa suna shiga wannan ɓangare ba tare da an tsayar da su a ƙofa ba, kuma hakan ya faranta mini rai.

Dalilin kashe irin wannan kuɗi ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da gwamnatin Kanada ta fitar a 2019 ya nuna cewa tsakanin 1948 da 2016 matsakaicin zafin arewacin ƙasar ya ƙaru da kimanin digiri 2.3 a ma'aunin Salshiyas, alhali na ƙasar baki ɗaya ya ƙaru da 1.7. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gano cewa tun daga 1979 yankin Arktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya. Waɗannan alƙaluma na san su tun kafin in taso. Ma'anarsu ga mai iyali kuwa sai da muka fita kan teku na fara fahimta.

Mafarauta biyu ne suka jagorance mu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya, kuma kuɗin aikinsu da na man baburansu daga tallafin binciken ya fito. An ɗaure wa babur ɗin ƙanƙara wata doguwar amalanke marar taya da ake kira kamutik, muka zauna a kai tare da kayan aiki. Ƙanƙarar tekun tana da kauri har lokacin, amma ruwan narkewa ya fara kwanciya a samanta, shuɗi shar, kuma a wasu wurare ta tsage ta bar dogayen rami da sai an nemi mahaya. Dattijon yakan tsaya ya dubi launin wurin, ya soka sandarsa mai ƙarfe a baki, ya saurari ƙarar, sannan ya nuna inda za a bi. Ta bakin matashin, wanda ya yi mana tafinta, ya bayyana cewa ƙanƙara tana makara wajen kamawa a kaka, tana kuma saurin lalacewa a bazara, kuma wuraren da igiyar ruwa ke cin ta daga ƙasa sun ƙaru, ta yadda alamomin da ya gada daga mahaifinsa ba kullum suke isa ba. Bai faɗi haka da nufin cewa iliminsa ya daina aiki ba. Abin da yake so shi ne a ƙara masa kayan aunawa a kan abin da ya sani, kuma a bar shi ya zaɓi hanyoyin da za a auna.

Akwai shirin da aka gina a kan wannan buƙata, wato SmartICE, wanda ya faro a garin Nain na Labrador da haɗin gwiwar mutanen garin da Jami'ar Memorial, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2017. Ana ɗora na'ura a kan kamutik tana auna kaurin ƙanƙara yayin da ake tafiya, ana kuma dasa wasu na'urorin su daskare a cikinta suna aika bayanai ta tauraron ɗan'adam. Matasan gari ne ke sarrafa su, kwamitin gari ne ke faɗin inda za a bi, sakamakon kuma yana fitowa a taswirar da mafarauci zai duba a wayarsa kafin ya fita, ciki har da manhajar SIKU da aka ƙaddamar a 2019. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da kuɗin bincike zai iya saya a wurin nan, domin tambayar daga masu tafiya kan ƙanƙarar ta fito, amsar kuma gare su take komawa a ranar da suke buƙatarta.

Ba mutane kaɗai ke dogara da wannan gada ta ƙanƙara ba. Akwai garken karibu, wata dabba dangin barewa mai ƙahoni masu rassa, da ake kira garken Dolphin da Union. Suna haihuwa a tsibirin Victoria, a kaka kuma su taru a gaɓar kudu suna jiran teku ta daskare don su haye zuwa babban yankin ƙasar Kanada, su dawo a bazara. Idan ƙanƙara ta makara sai su daɗe suna jira suna cinye ɗan abincin gaɓa, ko su shiga tun ba ta yi ƙwari ba, wasu su nutse. Ƙidayar 1997 ta ba da kimanin 34,000, ta 2018 kuwa ta ba da kimanin 4,000. Mafarauta sun daɗe suna faɗin cewa garken yana raguwa kafin ƙidayar jirgin sama ta tabbatar, kuma wannan batu ya fito a kusan kowace hira da na yi a garin, ba da fushi ba, sai dai da nauyin zuciyar mutanen da suka san cewa an ɓata shekaru ana jiran takarda ta gaskata su.

Haka lamarin yake ga umingmak, wata dabba mai kama da ɓauna mai dogon gashi har ƙasa. An sami mace-macensu da yawa a tsibirin, aka gano wata ƙwayar cuta mai suna Erysipelothrix a gawarwakin, sannan aka ga tsutsar huhu tana ƙara matsawa arewa yayin da bazara ke ƙara ɗumi. Likitocin dabbobi na Jami'ar Calgary sun yi aiki da ƙungiyar mafarautan garin ta hanyar da ta burge ni: ana ba mafarauci jakar ɗaukar samfur, idan ya harbi dabba don abincin gidansa sai ya ɗebi jini da ƙoda da gashi da ƙashin muƙamuƙi, ya rubuta abin da ya gani, a biya shi. An kuma zauna da dattawa an tattara abin da suka lura da shi shekara da shekaru game da ƙiba da rama da yawan 'ya'ya a garke. Babu tawagar masana da za ta iya zagaye tsibiri mai wannan girma a cikin hunturu, mafarauta kuwa can suke ko da bincike ko babu.

Wannan haɗin kai ba a same shi a sama ba. Mutanen arewa sun daɗe suna ganin masu bincike suna sauka a bazara, su yi aune-aune, su ɗebi abin da za su ɗiba, su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai ma abin da ya fi haka muni, kamar gwajin dashen fata da aka yi wa wasu Inuit a Igloolik wajejen 1970, wanda waɗanda aka yi wa suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar Inuit ta ƙasa, Inuit Tapiriit Kanatami, ƙarƙashin shugabancin Natan Obed, ta fitar da manufarta kan bincike, inda ta nemi Inuit su sami murya wajen yanke shawara, a daidaita rabon kuɗi da abubuwan da suka dame su, kuma bayanan da aka tattara a ƙasarsu su kasance a hannunsu. A Nunavut, wanda aka kafa a 1999, mai bincike ba ya fara aiki sai da lasisi, kuma ana tuntuɓar garin da abin ya shafa kafin a ba shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zuwa ƙauyukanmu na Sahel da takardun tambayoyi a tafi da amsoshi ba a dawo ba zai gane abin da suke gudu.

Akwai misalin da ke nuna abin da kuɗi mai ɗorewa ke haifarwa. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano sinadarai masu guba na masana'antu a nonon matan Inuit na arewacin Quebec, da yawan da ya zarce na matan kudu, duk da cewa babu masana'anta kusa da su. Iska da igiyar teku ne ke kai gubar arewa, ta taru a kitsen dabbobin ruwa da mutane ke ci. A 1991 gwamnati ta kafa shirin bibiyar gurɓatattun sinadarai a arewa, da wakilan 'yan asalin ƙasa a cikin kwamitin da ke raba kuɗinsa. Bayanan da ya tara, tare da fafutukar shugabannin Inuit irin su Sheila Watt-Cloutier, sun taimaka wajen samar da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan taƙaita irin waɗannan sinadarai. Shirin ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki, kuma darajarsa tana cikin daɗewar nan, domin ma'aunin shekara ɗaya ba ya nuna inda aka nufa.

A nan ne damuwata take. Gini mai tsada ya tsaya, amma yawancin ayyukan da mutanen gari ke yi suna rataye ne a kan tallafin shekara ɗaya zuwa uku. Wata mai kula da ofishin wata ƙaramar ƙungiya ta nuna mini tulin takardun neman tallafi da na rahoto, kowane shiri da nasa fom da nasa wa'adi, alhali ma'aikatan ofishin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana ƙarewa a 31 ga Maris, sabon kuɗi kuma yakan iso bayan lokacin da ya fi dacewa da aikin ƙanƙara ya wuce. Matashin da aka horar ya ƙware a sarrafa na'ura, idan tallafi ya yanke wata shida, dole ya nemi wani aikin, kuma ba lallai ya dawo ba. Manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba, domin tashar binciken sararin sama ta PEARL da ke Eureka a tsibirin Ellesmere ta dakatar da aikin duk shekara a 2012 saboda ƙarewar kuɗi, kuma a 2017 sai da aka yi mata agajin gaggawa na dala miliyan 1.6. Ra'ayina shi ne a riƙa ba ƙungiyoyin Inuit kaso mai tsoka kai tsaye, na tsawon shekara goma ko fiye, su ɗauki masu sa ido a matsayin ma'aikata na dindindin, jami'o'i kuma su zo su yi aiki a ƙarƙashin tambayoyin da gari ya gindaya.

Kafin mu taso, tawagarmu ta kira taro a zauren gari don bayyana abin da aka samu a samfuran shekarar da ta gabata. An dafa shayi, an kawo kifin da garin ya shahara da shi, an sa tafinta. Tambayoyin da aka yi sun fi na yawancin tarukan masana da na halarta kaifi: ko naman dabbar da aka ga tabo a hantarta yana ciwuwa, ko jiragen ruwa masu fasa ƙanƙara za su kauce wa lokacin hayewar karibu, da kuma wanda zai riƙe bayanan idan aikin ya ƙare. Wata dattijuwa ta nemi a ƙara wani kogi cikin wuraren da ake auna ɗumin ruwa, saboda ta lura kifin wurin ya sauya lokacin hawansa. Shugabar tawagar ta rubuta sunan kogin, ta kuma gaya wa taron gaskiya cewa tallafinsu zai ƙare a watan Maris mai zuwa, kuma za ta sa kogin a sabuwar takardar neman kuɗi, wadda ƙungiyar mafarauta za ta fara karantawa ta amince kafin a aika da ita.