Akwatin talabijin ɗaya a falo: barkwancin iyali, fim ɗin matasa da shirin addini

A yawancin gidajen Zariya, daga cikin ganuwa zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, akwatin talabijin ɗaya ne a falo, kuma kowa da abin da yake nema a cikinsa. Uwargida da ƙananan yara suna son wasan da za su yi dariya, samari da 'yan mata suna son fim, maigida da tsofaffin gida suna son karatu da wa'azi. Inda ake samun matsala shi ne a yanke hukunci da sunan tasha, a ce wannan ta addini ce a bar ta a kunne, waccan ta fina-finai ce a hana. Tasha ba ta wuni da hali ɗaya. Shirin ake dubawa, da lokacin da ake sa shi.

Wasan barkwanci na iyali shi ne mafi sauƙin sarrafawa, saboda yadda ake gina shi. Wuri ɗaya ne ko biyu, falo ko tsakar gida, 'yan wasa na dindindin ba su da yawa, kuma rikicin da aka ƙulla a farkon shiri ana kwance shi kafin a rufe. A Amurka shirin rabin awa yakan zama kimanin minti 22 na wasa, sauran talla ce, kuma da yawa ana ɗaukar su da kyamara uku ko huɗu a lokaci guda, a gaban 'yan kallo ko da dariyar da aka naɗa. Mu ma ba baƙonmu ba ne. NTA Kaduna ta daɗe tana sa wasan Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da wasannin marigayi Kasimu Yero, sannan Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo irin su Gidan Badamasi. Amfaninsa ga gida shi ne, idan an kira sallah aka kashe, ba a yi asarar komai ba, domin shirin gobe bai jingina da na yau ba. Shiri mai dogon zango kuwa da gangan ake yanke shi a inda rai ya fi ɗaukuwa, shi ya sa rigimar rimot ta fi tashi a kansa. Magariba a Zariya tana faɗawa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, isha'i kuma daga bakwai da kwata zuwa takwas da 'yan mintuna, saboda haka mai dogon zangon da ya faɗo a wannan tsakanin gara a nemi maimaicinsa na rana.

Abin lura a barkwanci shi ne da wa ake dariyar. Idan da rowar maigida ne ko ƙaryar ɗa da ta tonu, babu laifi. Idan da mai in'ina ne, ko kurma, ko karin harshen wata ƙabila, to a sani yaro ɗan shekara bakwai zai ɗauke shi tsaf ya kai Islamiyya washegari, ya yi wa ɗan ajinsu.

Fim ɗin matasa ya fi buƙatar ido. Yawancin wanda ke shigo mana na Amurka ne, labarin 'yan sakandare: sabuwar ɗaliba, gasar wasa, liyafar ƙarshen shekara, soyayya, da iyayen da aka nuna su a matsayin shinge. Alamar PG-13 da ake gani a kansu, wadda aka ƙirƙiro a 1984, ma'aunin iyayen can ne, tana barin sumbata da shan giya da zagi jefi-jefi su wuce. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya tana da nata matakan: G, PG, 12, 12A, 15 da 18. Ko da lambar ta yi daidai da shekarun yaro, ba ta faɗin darasin da fim ya ƙare a kai. Tashoshin Larabawa irin su MBC 2 suna yanke wuraren tsiraici, amma almakashi ba ya canza labari: yarinyar da ta yi wa uwarta ƙarya ta fita da dare tana nan a matsayin jaruma. Hanyar da ta fi aiki ita ce a danna maɓallin bayani a rimot a karanta taƙaitaccen labarin, sannan babba ya zauna ya kalli minti goma sha biyar na farko. A nan ake gabatar da jarumi da abin da yake so da wanda ya tare masa hanya, kuma daga nan ana iya gane inda fim ya dosa.

Sai batun kulle. Kusan kowace dikoda tana zuwa da lambar sirri ta kamfani, galibi 0000 ko 1234, kuma yara sun san ta kafin iyaye, don haka canza ta shi ne aikin farko. A dikodar biyan kuɗi irin DStv ko GOtv ana iya zaɓar iyakar shekaru, duk shirin da ya haura ta sai an sa lamba. A dikodar kyauta ta tauraron ɗan'adam wannan ba ya aiki sosai, domin tashoshi da yawa ba sa turo bayanin shekaru tare da hoto. Nan sai an bi tasha ɗaya bayan ɗaya an kulle ko an goge, sannan a kulle shafin saiti kansa. Idan ba a yi haka ba, ranar da iskar damina ta karkatar da dish mai gyara ya zo ya sake binciken tashoshi, duk abin da aka goge zai dawo. A sake dubawa kafin ya tafi. Akwai kuma ƙofar da ake mantawa da ita, wato ramin filashi a bayan akwatin. Fim ɗin da aka turo daga shagon masu turi ba ya bi ta kowace lamba, har da fassarar Indiya da ake cusa wa kalaman da ba su cikin asali.

Shirin addini shi ne wanda aka fi sakin jiki da shi, kuma ya cancanci a rarrabe shi. Dokar da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, a 1992 ta hana ba ƙungiyar addini lasisin tasha, shi ya sa a tashoshin gida yawanci lokaci ake saya, ranar Juma'a ga Musulmi, ranar Lahadi ga Kirista, har da shirye-shiryen Hausa da 'yan'uwa Kiristoci na Wusasa ke bi. Lokacin da ake saya kuwa duk mai kuɗi yana iya samu. Ta nan ne mai tallar magani yake shigowa da rawani da ayoyi, cikin minti biyar ya koma bayanin sirrin ma'aurata tsirara, yara suna zaune. Wannan talla ce, a ɗauke ta a matsayin talla.

Tafsiri, inda alaramma ke jan baƙi malam yana fassara, da karatun littafi irin Ahalari ko Iziyya ko Arba'una Hadisi, suna da amfani ƙwarai, da sharaɗin a bi su a jere. Wanda ya ji babin alwala yau, ya tsallake darasi huɗu, ya dawo a tsakiyar ƙabli da ba'adi, zai fita da rabin hukunci. A ajiye littafin a kusa da fensir, a yi alama inda aka tsaya. Shirin fatawa na kiran waya kuma amsarsa ta mai tambaya ce, bisa abin da ya faɗa cikin minti ɗaya ko biyu. Mas'alar saki da gado da rantsuwa tana juyawa da kalma ɗaya, ko da magaji ɗaya da aka manta ba a ambata ba. Garin da yake da zaurukan malamai irin na unguwannin Juma da Kona bai kamata a raba aure ko gona a cikinsa da amsar da aka ba wani a waya ba. A je a zauna gaban malam, ya yi tambayoyinsa.

Tashar Alƙur'ani ta Makka, mai nuna ɗawafi dare da rana, ana yawan barin ta a kunne ana hira da ciniki a kanta, alhali aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karatu. In ba za a saurara ba, a rage murya ko a kashe. A watan azumi kuma kada a sha ruwa da kiran sallar talabijin. Makka tana gaban Zariya da kimanin awa biyu, wannan kowa ya sani, amma na cikin gida ne ke ruɗarwa. Kowane digiri ɗaya zuwa gabas minti huɗu ne, saboda haka rana tana faɗuwa a Maiduguri kimanin minti ashirin kafin Zariya, a Sakkwato kuma kimanin minti goma bayanta, ban da 'yan daƙiƙun da hoton tauraron ɗan'adam ke jinkirtawa. Ladanin unguwa ake jira.