"Sai godiya" nake cewa, cikina kuwa yana cin wuta

Daren da babbar kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone, a watan Fabrairun 2002, ina da shagon atamfa da shadda a ciki. Wata biyar ke nan bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, Jos ba ta gama farfaɗowa ba, ni kuwa na ciwo bashi na cika shago da kaya ina jiran cinikin Ista. Da gari ya waye na tsaya a bakin titi ina kallon hayaƙi, makullin shagon yana aljihuna. Har yau yana cikin akwatina.

Ƙannena, na daɗe ina faɗa wa mutane cewa gobara ce ta karya ni. Ba gaskiya ba ne. Gobara ta ci kaya. Abin da na yi bayanta shi ya kusa cin bangaskiyata da aurena.

Ranar Lahadin da ta biyo baya na sa babbar rigata na tafi sujada. Da aka ba da dama ga masu shaida, na miƙe na ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Na koma na zauna, zuciyata cike da fushi da Allahn da na gama yabo. A lokacin ina ganin haƙurin Kirista ke nan: ka haɗiye, ka yi murmushi, duk wanda ya ce "yaya jimami?" ka ce "sai godiya". Wata shida ban yi addu'a ta gaskiya ba ko sau ɗaya, domin abin da ke raina ba ya cikin abubuwan da na ɗauka ana iya faɗa wa Allah.

Na haddace maganar Ayuba ta sura 1, wadda na faɗa a shaidata, amma ban taɓa juya shafi zuwa sura 3 ba, inda mutumin nan ya la'anci ranar da aka haife shi. Sura bayan sura yana kuka yana tuhuma, ga shi a ƙarshe ba shi Allah ya husata da shi ba, abokansa masu tsararren wa'azi ne suka sha faɗa. Ku buɗe Zabura 13, a ayoyi biyu na farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, babu ko ɗan haske, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Idan ranku ya ɓaci, ku durƙusa ku faɗa masa yadda yake. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Da yake na hana kaina kuka, sai na koma neman hanyar yanke. Wani aboki ya kai ni wurin wani da ake kira mutumin Allah, a wani ɗakin kwano mai lasifika huɗu. Ya dafa kaina, ya ce maƙiya ne daga dangina suka sa hannu, kuma idan na shuka iri mai zafi, wato na ba da kuɗi masu tsoka, cikin kwana arba'in zan ga ninki. Me ya rage mana a gida? Keken ɗinkin matata da kuɗin adashenta. Na sayar da keken tana ƙauye wurin jana'iza, na haɗa da kuɗin na kai. Kwana arba'in suka wuce. Da na koma, ya ce shakka ce ta kashe irin, sai in sake shukawa.

Ba na zagin bayarwa, har gobe ina fid da zakkata. Amma abin da na yi ba baiko ba ne, ciniki ne, irin wanda na saba a kasuwa: ga nawa, kawo naka. Duk wanda ya sa wa Allah ranar biya, ya kuma sa farashi, ku riƙe aljihunku ku fita. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, kuma kun san rigimar da ta shiga gidansa sa'ad da shi da Saratu suka gaji da jira. Garin neman gira ni ma na kusa rasa ido.

Matata ba ta yi hayaniya ba. Ta tsaya tana kallon wurin da keken yake, inda ƙafafunsa suka bar tabo huɗu a siminti, ta ce, "Maigida, da ka tambaye ni, da na ba ka." Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan kunya ta hana ni zuwa coci. Wanda ya yi shaida aka tafa masa, da wane ido zai ce ba su da abin ɗorawa a wuta? Sai wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos da ke tsaga leɓe, wani dattijon ikkilisiyarmu ya ƙwanƙwasa ƙofa da ledar dankalin Turawa a hannu. Na shirya jin wa'azi. Bai yi ba. Ya zauna a benci ya sha shayin da babu madara, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nawa ake bin ka?" Na ce, "Baba, da yawa." Ya ce in kawo takarda da biro. Ranar na fara rubuta bashina, suna da adadi, ranar kuma na fara yin kuka tun bayan gobarar.

Shi ya raka ni wurin masu bina bashi ɗaya bayan ɗaya. Wanda na fi tsoro cikinsu, wani Alhaji dillalin yadi da shi ma kayansa suka ƙone, ya ce in riƙa kawo abin da ya samu duk wata. Zumuntar mata ta haɗa wa matata kuɗin wani tsohon keke. Ni kuma aka samo mini wurin tsayawa a kasuwar Farin Gada, ina auna kabeji da karas, ni da nake da shagon shadda a da. Na yi ta ɓuya bayan buhu idan na hango tsohon abokin ciniki, har na gaji na daina.

Shekara bakwai na yi ina biya. Shago kam ban sake yi ba, kada wani ya ce muku labarina ya ƙare da mota da bene. Ranar da na kai wa Alhaji kuɗin ƙarshe, ya ja layi a littafinsa ya miƙo mini hannu. Na dawo gida na tarar matata tana kan keke tana ɗinka wa mawaƙa kayan Kirsimeti. Na faɗa mata. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da taka keken.