Abin da na koya daga darasin yanka da haɗa saƙon gado

A karatun ilimin halittu da na yi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, babu darasin da ya sauya mini tunani kamar na yadda tantanin jiki ke yanka saƙon ARN ya sake haɗa shi kafin a ƙera furotin. Tun a sakandare an koya mana cewa ADN ne ke ɗauke da rubutun gado, ana kwafe shi zuwa ARN, daga nan a samar da furotin. Abin da aka ƙara mana a jami'a shi ne kwafin farko ba ya fita daga cibiyar tantani yadda aka rubuta shi, domin a cikinsa akwai sassan da ake cirewa, wato intiron, da waɗanda ake bari a liƙa su da juna, wato egzon.

Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano haka a 1977, kowa da ƙungiyarsa a Amurka, kuma aka ba su kyautar Nobel a 1993. Malaminmu ya haska mana hoton da suka gani a madubin lantarki: zaren ARN kwance a jikin zaren ADN, amma nan da can ADN ɗin ya kumbura ya yi zobe ya fito gefe, saboda ARN ɗin ba shi da abin da zai kama a wurin. Waɗannan zobban su ne sassan da aka riga aka yanke daga ARN ɗin. Injin da ke wannan aikin yanka a cikin tantani yana da manyan sassa biyar, U1, U2, U4, U5 da U6, kuma yana gane intiron ne da harufan GU a farkonsa da AG a ƙarshensa.

Sai dai waɗannan harufa suna warwatse ko'ina a cikin saƙon, don haka su kaɗai ba za su isa su nuna wa injin inda zai yanka ba. A nan ne furotin masu kula da yankan suke shigowa, kuma a nan ne na fi daɗewa ina nazari. Akwai dangin SR, waɗanda galibi ke manne wa egzon su jawo injin kusa har a bar wannan sashe a cikin saƙo. Akwai kuma dangin hnRNP, waɗanda galibi ke zama a kan saƙon su tare hanya har a tsallake sashen. Sau da yawa ɓangarorin biyu suna takara ne a kan wuri ɗaya, kuma wanda ya fi yawa ko ya fi ƙarfin riƙo a cikin wannan tantani shi ke yin rinjaye. Tela ɗaya da shadda ɗaya, amma abin da za a ɗinka ya danganta da wanda ya fi matsa masa a cikin masu odar. Ta haka ne ƙwayar gado guda, wato yanki ɗaya na rubutun ADN, ke ba da sinadarin kalsitonin a cikin ƙululun wuya, ta kuma ba da wani daban mai suna CGRP a cikin jijiyoyin laka. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu samar da furotin kusan 20,000 ne kacal, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu egzon da yawa ana iya yanka saƙonsu ta hanya fiye da ɗaya.

Tun daga lokacin, idan aka ce mini wata ƙwayar gado tana aiki, sai in tambaya a cikin wane tantani ne, kuma wane nau'in saƙonta ne ya fi yawa. Ina ganin wannan tambaya ta fi haddar sunayen furotin amfani nesa ba kusa ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne cutar da ke shanye tsokar jarirai, wadda ake kira SMA. Yaron da ya rasa ƙwayar SMN1 yana da kwatankwacinta, SMN2, wadda da ta cike gurbin, amma canjin harafi ɗaya tak a egzon na 7, daga C zuwa T, yana sa a tsallake wannan egzon a yawancin saƙonni, sai furotin ya fito guntu ya lalace da wuri. Maganin nusinersen, wanda Amurka ta amince da shi a watan Disamba na 2016, ba ya taɓa ADN ko kaɗan. Ɗan gajeren zare ne da ake yi wa yaro allurarsa a ruwan laka, ya je ya rufe wurin da hnRNP A1 ke zama a intiron na 7, sai injin ya koma barin egzon ɗin a cikin saƙo. Da aka fara sayar da shi, allura ɗaya dala 125,000 ce, kuma duk wanda ya san halin da iyaye ke ciki a asibitocinmu ya san inda wannan farashi ya bar su. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ilimin ya samu, amma bai iso ga mai bukata ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da zazzaɓin cizon sauro ke addaba kowace damina. Namijin sauro da tamatarsa suna da ƙwayar gado ɗaya mai suna doublesex, kuma bambancin yadda ake yanka saƙonta ne ke sa jiki ya ɗauki siffar namiji ko ta mace. A 2018 masu bincike a Imperial College da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Andrea Crisanti, suka lalata iyakar da ke tsakanin intiron na 4 da egzon na 5 a sauron Anopheles gambiae mai yaɗa zazzaɓin, wato daidai wurin da injin ke bukata domin ya haɗa saƙon mace. Mazan ba su sami wata illa ba, amma matan da suka gaji canjin daga uwa da uba ba sa cizo kuma ba sa yin ƙwai, kuma da yake an tsara canjin ya riƙa yaɗuwa ga kusan duk ƴaƴan da aka haifa, sai sauron da ke cikin kejin gwaji suka ƙare bayan zuriya 7 zuwa 11. A cikin keji aka yi wannan gwaji, kuma kafin a yi maganar sakin irin wannan sauro a fili, ina fatan za a samu ƴan ƙasarmu da suka fahimci yankan nan sosai, waɗanda za su zauna a teburin shawarar su yi tambayoyin da suka dace.