Wata Guda da Rasuwar Akawal

Yau wata guda ke nan da mutuwar dokina Akawal, wanda muka shafe shekara 11 muna shiga gasar nan mai matakai uku tare, wato nuna horo a fili, da sukuwar daji, da tsallake shinge.

Nuna horo bai taɓa burge shi ba, domin yakan yi ta tauna linzami kamar wanda aka tilasta wa zaman makaranta, alƙalai kuma ba sa yafe wannan. Amma da zarar mun fita sukuwar daji, inda shingayen gungumen itace ne da ba sa faɗuwa idan kofato ya taɓa su, sai ya miƙe kunnuwa, ya auna tazara da kansa tun kafin in ba shi umarni. Na tuna ranar da ƙafata ta zame daga likkafa a tsakiyar ruwa, ya rage gudu har na gyara zama.

Murɗewar hanji ce ta kashe shi cikin dare ɗaya, duk da ƙoƙarin likitan dabbobi. Har yanzu ragamarsa tana rataye a ƙofar barga, na kasa cire ta.